Na'urar Khaulat a Ɗakin Mai Jego

Ƙirjin jaririn yana wata ƙara ƙasa-ƙasa, irin ta tukunyar da ta fara tafasa. Goggo Habi ta san wannan ƙarar, kuma ta tsane ta. Ita ta ji a ƙirjin Yazid, ɗan farin Sharifa, a wannan ɗakin dai, kafin a naɗe shi a 'yar tabarma a fita da shi bai kai arba'in ba. Matan Taloka da suka zo gaisuwa a lokacin bakinsu ya zo ɗaya, suka ce sanyi ne ya shige shi. Habi ta riƙe maganar nan a ranta, ba ta taɓa sakinta ba.

Saboda haka da Sharifa, autarta da ke aure a Rara, ta sake dawowa gida wanka, Habi ta ɗaura ɗamarar yaƙi da sanyi. Tagar ɗakin guda ɗaya ce, ta cusa mata tsumma da tsohon buhu har ko sauro ba zai sami hanya ba. Ƙofa ta sha labule biyu. Gadon ƙasa da mai jego ke kwana a kai kuwa, safe da yamma ana hura masa wuta a ƙarƙashi, itace da ɓuntun shinkafa, a bi da turaren wuta don ƙamshi. Duk wadda ta shigo barka sai ta fita tana share hawaye tana yabon Habi, wai ta iya riƙon mai jego. Sharifa da kanta tana fama da ciwon kai da nauyin ido, amma wa ya taɓa jin mai jego ta kai ƙarar uwarta? An raɗa wa yaron suna Musaddiq, aka ci suna aka watse, ƙarar ƙirjinsa kuwa kullum gaba take yi. Habi ta ga haka, sai ta ƙara itace.

A ɗakin akwai wani baƙo da ba ya cikin lissafin jego. Wata 'yar na'ura ce fara, girmanta bai wuce kwanon sha ba, tana rataye a ƙusa dab da kan gadon. Ta Khaulat ce, 'yar Shittu, yayan Habi da ke Wurno.

Khaulat dakta ce, amma ba ta allura ba, kuma wannan ya daɗe yana ba Habi wahala wurin bayani. In an tambaye ta aikin 'yar ɗan'uwanta, sai ta ce likitar iska ce, ta bar mutum da abinsa. Tun Khaulat tana 'yar mitsitsiya take da wannan ɗabi'a. Shittu masunci ne, matarsa Husainatu kuma ita ke bandar kifin da ya kamo, har ta yi tarin da ba ta rabu da shi ba har yau. Sauran yara suna wasan 'yar tsana, Khaulat tana tsaye bayan gida ta ɗaga kai tana bin hayaƙin banda da kallo, tana damun manya da tambaya: in ya tashi sama, ina yake zuwa? Aka ce mata ɓacewa yake yi. Ta ce ba ta yarda ba, tunda gishiri ma in ya ɓace a miya ana jin sa a baki. Habi tana wurin ranar, ita ce ma ta ce a bar yarinyar nan ta yi boko, in ba haka ba za ta kashe su da tambaya.

Ta kuwa yi bokon har ta gaji da shi. Ta gama a Wurno ta wuce jami'a a Sakkwato, daga nan ta haye jirgi ta yi shekaru a ƙasar da ta ce ruwa kan daskare a famfo. Can ta koyi auna ƙananan ƙwayoyin hayaƙi da toka masu yawo a iska, waɗanda ido ba ya gani amma huhu ya san da su. Aka so riƙe ta a can, ta ƙi, ta dawo koyarwa a Sakkwato. Shekara da shekaru tana gina wani lissafi a kwamfuta, wanda in an ba shi labarin iska da zafi da wurin da aka cinna wuta, zai faɗi garin da hayaƙin zai sauka da ranar da zai sauka. Burinta shi ne ranar da manoman fadamar Rima za su ƙone karan shinkafa, a iya gaya wa asibitoci da makarantu tun kafin hayaƙin ya iso. Don ta gwada ko lissafin yana faɗin gaskiya, ta kafa na'urori a Wurno da Rara da Taloka, kowace tana shaƙar iskar waje tana aika mata da sakamako. Ta Taloka a gidan goggonta ta kafa ta, a jikin dirkar rumfa, da ɗan farantin sola a kan kwano. Ta ce kaka ɗaya cif take so ta yi a wurin ba a taɓa ta ba, don a kan wannan kakar aikin nata duka ya dogara.

Habi ta karɓi amana hannu biyu. To, ana cikin hidimar haihuwa sai aka shiga gidan maƙwabta aka kwance musu sola. Hankalin Habi ya tashi. Khaulat tana wani taro a ƙasar waje, ba damar a tambaye ta. Habi ta zauna ta yi tunani irin na dattijuwa: a duk faɗin garin nan, wane ɗaki ne namiji ba ya shiga, ɓarawo ma yana jin kunyarsa? Ɗakin mai jego. Ta sauke na'urar da bismilla, ta goge ta da gefen zane, ta zaro wayarta ta saman ƙofa don kada ta rasa abincinta na rana, ta rataye ta a wuri mafi daraja. 'Yar fitilar da ke jikinta, wadda a waje kullum kore take nunawa, ta koma ja. Habi ta ji daɗi, ta ce ashe ita ma baiwar Allah sanyi take ji.

Ranar wata Talata da hantsi, Habi tana tsakar gida tana dama kunun kanwa, sai ta ji tsayuwar mota. Khaulat ta shigo da sallama, gyalenta a karkace, takalminta duk ƙurar hanya. Ta durƙusa ta gaida goggonta kamar yadda ta saba, amma idonta yana kan dirkar rumfa, inda ƙusa kawai ta rage.

"Goggo, Sharifa na ciki? Da jinjirin?"

"Suna ciki. Mi ya hwaru kinka taho ba ko waya? Na'urakki lahiyatta lau, na aje maki ita wurin da ko ƙuda ba shi taɓa ta."

"Na san inda take, Goggo. Bisa kan gadon wuta."

Habi ta saki ludayi. "Wa yag gaya maki?"

Ba wanda ya gaya mata. Da ta dawo daga tafiya ta buɗe kwamfuta, ta ga Wurno da Rara suna tafiya daidai da lissafinta, amma Taloka ta haukace, tana nuna hayaƙin da ko gobarar kasuwa ba za ta kawo ba. Da farko kanta ta zarga, don haka take: ta bi lissafinta layi-layi tana neman kuskure, ba ta samu ba. Ta duba hoton tauraron ɗan'adam, babu wata wuta a fadama. Sai ta lura hayaƙin yana tashi bayan asuba, ya sake tashi kafin magariba, kullum ba fashi, kuma ba ya sauka yadda hayaƙin waje ke sauka in iska ta kaɗa. Wannan hayaƙin ɗaki ne, ɗakin da aka toshe. Wane ɗaki ake hura wa wuta safe da yamma a gidan Goggo? Nan ta tuna Sharifa ta haihu. Ta bar ɗalibai a aji ta ɗauki makullin mota.

Ta ɗaga labulen farko da na biyu, hayaƙi ya mare ta har ta ja da baya, sannan ta kutsa. Ta karɓi yaron daga hannun Sharifa, ta buɗe zanensa a bakin ƙofa ta dubi yadda haƙarƙarinsa ke lotsawa duk numfashi.

"Goggo, ni ba likitan jiki ba ta, ba ni iya yi mashi magani. Amma wanga yaro asibiti za mu da shi yanzu, shi da uwatai."

"Mai jego ta hita? Ba ta yi arba'in ba! Iska ta buge su?"

"Sai mu lulluɓe su da bargo, in ruhe gilasai. Ke za ki riƙe shi, Goggo, ba ni ba."

Wannan ta ƙarshen ita ta karya Habi. Ta shiga mota da jikanta a ƙirji, tana addu'a tana hararar duk wata kafa da iska za ta iya shigowa, har Goronyo. A asibiti aka duba shi aka sa masa abin shaƙa, aka ba da magani, aka ce an kawo shi a kan kari. Ma'aikaciyar ta ƙara da cewa a nisanta shi da hayaƙi. Habi ta ce to, irin to ɗin da ake ce wa yara. A ranta kuwa cewa take, wannan yarinyar asibiti ba ta taɓa binne jika ba.

Suna dawowa da la'asar ta nufi rumbun itace. Khaulat ta ga haka. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kawo Turanci ba, ba ta kuma ce al'adar banza ce ba, ko da yake mutane da yawa da ba su kai rabin karatunta ba da nan za su fara. Ta shiga ɗakin ta sauko da na'urar, ta zauna a tabarma kusa da goggonta, ta kwance bayanta da ɗan ƙarfe. Daga jakarta ta fito da wata 'yar takarda zagayayya, fara fat kamar auduga, ta ɗora a tafin Habi.

"Irin wagga nis sa cikin na'urag ga kahin in tahi. Ta nan iska ke bi, duk abin da ke cikin iskan nan ita ka tare shi."

Sannan ta zaro ta cikin na'urar ta ɗora a ɗaya tafin. Baƙa ce ƙirin, kamar gindin tukunya, har tana maiƙo.

"Na'urag ga ba ta hi Musaddiq shaƙar iska ba, Goggo. Kan gado guda suke. Ita tana da takardad da nika canza mata. Shi ba shi da."

Habi ta daɗe tana kallon tafukanta biyu. Ta shafa baƙar da yatsa, yatsan ya yi baƙi. Ita da ta yi shekara hamsin tana kankare bayan tukunya, ba sai an yi mata dogon bayani ba. Amma tsoro bai sake ta ba, don tsoron ya girmi takardar.

"To sanyin hwa? In na kashe wuta sanyi shi ɗauke mani shi kamar wancan?"

"Wa yac ce a bas su cikin sanyi? Ɗumi muka so, hayaƙi na ba mu so. Sharifa ta yi wankanta da ruwan zahi, ta sha kununta, ta kwanta bisa gado mai ɗumi hal arba'in. Wutad dai waje za ta zauna."

Ta miƙe ta ɗaure gyale a ƙugu. Dakta guda, mai ɗalibai da ofis, ta shiga kwasar duwatsun murhu da tsofaffin bulo tana jerawa a tsakar gida. Ta ce a gasa su a wuta a waje, in sun yi zafi a kwashe da shebur a zuba ƙarƙashin gadon, su ba da ɗumi ba hayaƙi. Habi ta ce ai garwashi ya fi sauƙi, tunda ba ya hayaƙi. Khaulat ta girgiza kai, ta ce shi ne ma mugun, don abin da yake fitarwa ba a gani ba a jin wari, kuma shi ke sa wa Sharifa ciwon kai. Ta tsaya tsakiyar gida ta saki ɗan zare daga bakin gyalenta ta ga inda ya karkata. Ta ce a wannan watan iska daga gabas maso arewa take zuwa, murhun wanka kuwa a can yake, yana tura hayaƙi kai tsaye ƙofar mai jego. Suka ciccibi tukunyar wanka su biyu suka mayar da ita bayan rumbu, Habi tana mita tana cewa tun tana amarya murhun nan yake wurin.

Saura taga. Khaulat ta kai hannu za ta zare tsumman, sai ta fasa, ta ja gefe.

"Ke kinka toshe ta, Goggo. Ba ni buɗe ta sai kin yarda."

Habi ta tsaya gaban tagar. Sharifa tana zaune a kan gado da yaron, idonta yana kan uwarta. Habi ta kama bakin buhun ta ja. Hasken yamma ya shigo miƙe kamar sanda, a cikinsa kuwa sauran hayaƙin safe yana ta murɗawa, ƙwayoyi ba iyaka suna iyo, har kan fuskar jaririn. Shekarunta nawa tana shiga ɗakunan jego, ba ta taɓa ganin abin da ke cikinsu ba sai yau. Ta zare sauran tsumman gaba ɗaya ta watsar a waje.

Bayan sun idar da magariba suna zaune a tabarma, Habi ta yi tambayar da ke cin ta tun la'asar. Ba ta dubi Khaulat ba, carbinta take kallo.

"Ɗiyata, hwaɗa mani gaskiya. Yazid, hayaƙi na?"

Da wata ce, da ta ce a'a don ta kwantar mata da hankali. Wata kuma da ta ce e don maganarta ta ƙara nauyi. Khaulat kuwa sai da Habi ta ɗago ta dube ta, sannan ta amsa.

"Ban sani ba, Goggo. Ban auna ba, ban gani ba, kuma ba ni hwaɗin abin da ban auna ba. Allah Shi yas san abin da yaɗ ɗauke shi. Abin da nis sani, kin yi mashi dut abin da anka koya maki, da zuciya guda. Na Musaddiq kau na auna, shi na nika iya magana kai."

Habi ta yi kuka, kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da tabarmar. Khaulat ta riƙe hannunta ta bar ta ta yi. Da ta lafa, ta share fuska da gefen mayafi, sai kuma wani abin ya faɗo mata.

"Aikinki hwa? Na ɓata maki shi ko?"

"Kin ɓata shi ƙwarai," in ji Khaulat, tana dariya. "Kakar bana ta Taloka ta tahi, sai baɗi in Allah Ya kai mu."

Ba ƙaramin abu ba ne, Habi ta gane haka daga baya, da ta ji ta a waya tana ba abokan aikinta haƙuri, tana cewa rubutun da suke jira zai ƙara shekara. A wannan rubutun ake sa ran za a dube ta a ba ta farfesa. Duk da haka, da Habi ta ɗauko na'urar za ta mayar jikin dirka, Khaulat ta hana. Ta sa mata sabuwar takarda ta mayar da ita kan ƙusar ɗakin, ta ce nan za ta zauna har a yi arba'in, in fitilar ta yi ja a nemi dalili, in ta yi kore a gode wa Allah. Ta ce dama lissafinta bai taɓa shiga ɗaki ba, ga shi yanzu an shigar da shi ba shiri, kuma tana ganin akwai aikin shekaru a ɗakunan jego na Rima. Washegari ta koma Sakkwato wurin ɗalibanta.

Kwanaki suka shuɗe ana gasa duwatsu ana ba da magani. Ciwon kan Sharifa ya tafi, ta fara cin tuwo kamar mai huce haushi. Matan unguwa da suka ga taga a buɗe suka yi ta salati, wata ma ta ce Habi ta tsufa ta fara ruɗewa. Habi ta ƙulle takardun nan biyu a bakin zane, duk wadda ta yi magana sai ta kwance ta ɗora mata a tafi, ba ta ƙara komai.

Wata rana bayan azahar, Sharifa tana bayan rumbu tana wanka, Habi tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Kunnenta kullum rabi yana ɗakin, ta saba da ƙarar nan har ta zama mata kamar agogo. Sai ta lura ba ta jin komai. Ta tsayar da hannu ta kasa kunne. Shiru. Irin wannan shirun ta taɓa ji sau ɗaya a ɗakin nan, kuma ta san abin da ya biyo bayansa. Faifan ya suɓuce, shinkafa ta watse, kaji suka yo kanta, ba ta ko waiwaya ba. Ta banke labule tana kiran sunan Allah, ta faɗa kan gadon.

Musaddiq yana kwance rigingine cikin zanensa, hannuwa a dunƙule kusa da kunne. Ta kara kuncinta a hancinsa. Ɗumin numfashi ya taɓa ta, ya tafi, ya dawo, a hankali, ba gargada. Cikinsa yana hawa yana sauka. Barci kawai yake yi, irin barcin da ba ta taɓa ganin jariri ya yi a ɗakin nan ba. A saman kansa 'yar fitilar tana nuna kore.

Sharifa ta shigo da gudu, zane a ƙirji, ruwa yana ɗiga daga jikinta.

"Inna, mi ya hwaru? Mi yas same shi?"

Habi tana zaune a ƙasa, bayanta jingine da gadon, hawaye yana bin fuskarta. Ta ɗaga hannu ta yi mata alamar ta rage murya.

"Ba komi. Kwana shikai. Zo ki ji, ba a jin komi."